Wasiƙa zuwa Yamai: sunan Ummi a takarda

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya zafin Yamai? Saƙonka na barka ya iso, Allah ya bar zumunci. Mai jego tana samun ƙarfi, jaririya kuma sai tsotso da barci.

Ranar suna an yi taro lafiya. Da asuba liman ya raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Kamar yadda ka yi zato, sunan marigayiya Inna aka mayar, muna kiran yarinyar Ummi. Ka yi mini afuwa, yau dole in rubuta sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, domin rubutun nasa ne ya hana ni sukuni mako biyu.

Na je karɓar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ma'aikaciyar ta miƙo mini fom da biro ta ce in rubuta yadda nake so ya fito. Nan na tsaya. A'isha? Aisha? A'ishatu? Aishatu? Na ce mata zan dawo gobe.

A gida uwar Ummi ta nuna mini wayarta: ƙawayenta a Facebook wasu Ayesha, wasu Aysha, har da mai Aeesha. Ayesha ta fi burge ta. Na ce mata wannan rubutun mutanen Indiya da Pakistan ne, ba laifi ba ne, amma Inna ba za ta gane kanta a ciki ba. Kawu kuwa ɗauko alƙalami ya yi ya rubuta mana da Larabci a bayan kwalin magani: ainun, alif, hamza, shinun, ta kuri. Ya ce tun zamanin Uwar Muminai, Allah ya ƙara mata yarda, hanya ɗaya ake rubuta shi, boko ne ya kawo rarrabuwar kai. Wannan “tu” na ƙarshe ma, in ji shi, harafin ƙarshen ne da rufu'a, shi ya sa muke da Hadizatu, Hafsatu, Aminatu.

Zuciyata tana kan A'ishatu, da ɗan wakafin nan na sama. In babu shi Bahaushe zai karanta farkon sunan kamar “ai” na aiki, tsayawar maƙogwaro ta ɓace. Haka muke rubuta Nana Asma'u, haka Sa'adatu. Ina tuna yadda ƙanwar Inna take kiranta daga zaure, tana yanke muryar tsakanin “A” da “i”, in ba ta ce Indo ba. Wannan sautin nake so ya zauna a takarda.

Sai dai ka san abin da ya sami ƙanwata. A firamare an rubuta mata Hadiza, a sakandare Khadija, a banki Khadijat. Tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma ana son sunaye su zo ɗaya. Da lokacinta ya zo muka yi ta zarya, kotu don takardar rantsuwa, jarida don sanarwar gyaran suna, ofis bayan ofis. Na ga hawayenta a kan benci ranar da aka ce mu sake dawowa. Ba na so Ummi ta zauna a irin bencin nan. Wakafin sama kuwa wata kwamfuta tana karɓarsa, wata ta ƙi, wani magatakarda ya sa, wani ya manta. Ko a fasfo, layukan ƙasa da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukarsa.

Don haka na koma na rubuta Aishatu. Na riƙe “tu” saboda haka yake a tsohon katin asibitin Inna da ke cikin akwatina, na saki wakafin ina jin zafinsa. Uwar Ummi ta yarda da sharaɗi: a allonta da littafinta na Hausa za a rubuta mata A'ishatu cikakke, kuma ni zan koya mata faɗarsa. Na kwafe Aishatu ɗin a bangon katin rigakafinta da manyan baƙaƙe, duk inda za a yi mata rajista shi za a nuna.

Yanzu ga tambayata. A wajenku Aïchatou ake rubutawa, irin na tsohuwar ministar harkokin wajenku, Aïchatou Mindaoudou, da ɗigo biyu a kan “i” masu yin aikin wakafinmu. Dangin uwar Ummi suna Maraɗi, kuma tana so yarinyar ta sami takardun can ma. In muka zo da Aishatu, za su kwafe shi yadda yake ko za su mayar da shi rubutun Faransanci? Don Allah ka tambayar mini a ofishin magajin gari kafin mu shigo bayan arba'in.

Ka gaida Hajiya da yara. Kilishin sunan yana nan na ajiye maka, zan ba direban da ke zuwa ranar Laraba.

Naka har kullum,
Baban Ummi, daga Katsina