Bes Ba A Tura Shi Cikin Waya Kamar Waƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana da samarinmu na karkara, musamman masu tsayawa a rumfar caji ranar kasuwa suna cewa a saka musu manhajar ƙara bes. Da yawa sun ɗauka bes abu ne da ake turawa a memori. Sai a ja sandunan ikwalaiza, wato wurin saita kauri da sirantar sauti, duka zuwa sama, waƙa ta koma kamar ana dukan garwa, bayan wata biyu sifika ta fara zuza, a ce ai wayar ce jabu.

Bes iska ce ake turawa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, wato abin da ake rubutawa Hz. Bes, wato kaurin nan da mutum ke ji har ƙirji idan an doki tambari ko babbar ganga, yana can ƙasa, tsakanin 20 da 250. Ba ya fita sai an motsa iska mai yawa, shi ya sa akwatunan masu kiɗan biki suke da girma haka. Sifikar waya kuwa ba ta wuce farcen babban yatsa ba, kuma babu manhajar da za ta sa ta fitar da 60 Hz. Masu jefa waya cikin kofin silba suna samun ƙarin ƙara, gaskiya ne, amma amon tsakiya ne ya ƙaru, kaurin yana nan inda yake.

Iyafis yana iya abin da sifikar waya ta kasa ne saboda ɗan ramin kunne kaɗai zai cika. Sharaɗin shi ne ramin ya toshe sosai. Ga gwaji: kunna waƙa, ka danna iyafis ɗin cikin kunne da yatsa a hankali. Idan bes ya taso, ka saki kuma ya gudu, to matsalarka robar bakin iyafis ce, ba waya ba. Mai kyau yakan zo da roba kala uku, ƙarama, matsakaiciya da babba, amma yawancin mutane tare da kwali suke yar da sauran biyun. A gwada dukkansu, kowane kunne daban, don sau da yawa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. Wajen sakawa, ka ja saman kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura, ka ɗan murɗa. Shi kuwa irin mai faɗin nan marar roba da ke zama a bakin kunne, iska tana zurarewa ta gefensa, kome aka yi masa kaurinsa ba zai kai na mai roba ba. Haka hedfon mai rufe kunne: da zarar soson ya lotse ko fatarsa ta ɓare, bes ya tafi, kuma ƙafar tabarau ko bakin hula ma kan buɗe masa kafa.

Sai datti. A bakin iyafis akwai 'yar raga, dauɗar kunne da ƙurar hunturu sukan liƙe ta, sai ɓangare ɗaya ya yi ƙasa. Cire robar ka wanke da ruwa da sabulu, ka bari ta bushe ƙarau. Ragar kuma ka kifa ta ƙasa, ka goge da busasshen buroshin haƙori. Kada a sa allura, tana fasa ragar ta taɓa fallen da ke kaɗawa a ciki.

Akwai wata cuta da ake yawan ɗora wa ikwalaiza alhali ba laifinta ba ne: ka ji muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, bes ya ɓace, sai ƙananan kaɗe-kaɗe a gefe. Wannan wata siririyar waya ce a cikin igiyar iyafis, ana kiranta wayar ƙasa, wadda kunnen dama da na hagu suke tarayya a kanta, ita ce ba ta taɓawa. Murya da bes a tsakiya ake ajiye su, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, don haka idan ta katse su ne suke fara soke juna. Dalili uku ne galibi. Ko zaren aljihu ya cushe a ramin nan mai milimita 3.5 har kan iyafis ba ya shiga ƙarshe, ko rigar wayar ta yi kauri ta tare shi, ko kuma igiyar ta karye daga ciki a gindin kan. Kashe wayar, ka zaƙulo dattin da tsinken sakace na itace, ka cire rigar ka sake gwadawa. Idan kuwa sautin yana gyaruwa ne kawai lokacin da ka danne maɓallin amsa kira, to tsarin haɗin ne ya saɓa: akwai CTIA na wayoyin yanzu, akwai OMTP irin na tsofaffin Nokia. Wannan ba ya gyaruwa da saiti, sai a canza iyafis.

Bayan an gama da waɗannan ne ake taɓa ikwalaiza. A wayoyin Android da yawa sanduna biyar ne: 60, 230, 910, 3,600 da 14,000 Hz. Ɗaga ta 60 da desibel 3 zuwa 5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ta 230 ita ce tarkon, domin ita ke ba da ƙarar da ake saurin ji, amma idan ta yi yawa sai waƙa ta cukurkuɗe, kalangu da murya su nutse. Bar ta a sifili, ko ma ka rage ta da 1 ko 2. Sauran ukun a ƙyale su. A manhajoji masu sanduna goma irin su VLC da Poweramp, ta wajen 62 ake ɗagawa, a ɗan taɓa ta 125. Ta 31 ɓata ƙarfi ce a iyafis mai araha.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne lissafin. Kowane ƙarin desibel 3 yana cin ninkin ƙarfi, ƙarin 6 yana cin ninki huɗu. Waƙoƙin zamani an riga an cika su har baki tun daga situdiyo, don haka ƙari kaɗan sai sauti ya fashe. Maganinsa sandar da aka rubuta wa Preamp: ka ɗaga bes da 5, ka sauke ta da 5. Inda babu ita, bar ta 60 a sifili ka sauke sauran huɗun da 3 ko 4, sannan ka ƙara murya. Kuma ikwalaiza ɗaya tak. Idan saitin gyaran sauti na wayar, irin su DTS ko Dolby Atmos, yana kunne, na manhajar waƙa ma yana kunne, ga wata manhajar bes a kai, ƙarin ne ke hawa kan ƙari.

Ita kanta waƙar a duba ta. Turawa ta Xender ba ta rage kome, yadda fayil yake haka yake isowa. Waƙar MP3 ta minti 4 a 128 kbps takan kai kusan MB 4, a 320 kuma ta haura 9. Matsewar da ake yi wa waƙa don rage girman fayil ta fi cin siraran sautuka na sama, ba kauri ba. Wadda ba ta da magani ita ce wadda aka ɗauka da makirufon waya a wajen biki, aka yaɗa a WhatsApp: bes ɗin bai shiga ba tun farko.

Masu MP kuwa, a daina rataye ta a reshen darbejiya ana neman kauri. A fili bes watsewa yake. A ajiye ta a ƙasa kusa da bango, tazarar taƙi ɗaya, ko a kusurwar ɗaki, za a ji bambanci nan take. Idan caji ya yi ƙasa, bes ne ke fara fashewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu. Robar da ta toshe da kyau tana sa a ji kauri ba tare da an kai murya ƙarshe ba. Kashi 60 cikin 100 na murya ya isa. Wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa yana ƙara, ya wuce gona da iri. A kan babur ko kusa da injin niƙa, rugugin injin ne ke danne bes, sai mutum ya yi ta ƙarawa, ga shi kuma ba ya jin hon ɗin motar da ke bayansa. A nan a cire shi gaba ɗaya.

Na gode.

Mai gyaran waya da rediyo,
Ringim, Jihar Jigawa.