Kafin ka hau dutsen bakin gari, ka fara lissafin saukowa

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na ga matasa har da magidanta sun fara runguma, wato hawa ƙananan duwatsu da tuddai na bakin gari da sassafe ko ranar hutu, don a motsa jiki a kuma kalli gari daga sama. Abin yana burge ni wallahi, ni ma ina ciki yau kusan shekara uku kenan, amma yadda mutane ke zaɓar dutsen da za su hau shi ne ke damuna.

Yawancinmu hoto muke bi. Mutum ya ga wani ya saka hoto a Facebook yana tsaye a ƙololuwa gari shimfiɗe a ƙasansa, shikenan gobe shi ma can ya nufa, bai tambayi tsayin wurin ba balle yadda hanyar take. Ni ma haka na yi a karon farko, na zaɓi wanda ya fi kowanne tsayi, na tafi bayan la'asar da silifas, hawan dai na yi shi da kyar ina haki, amma saukowar ce ta nuna min ban san komai ba. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, cinyoyina na rawa kamar mazari, rana ta faɗi ina tsakiyar gangare, wani wurin sai da na zauna na dinga jan jiki ina dafa dutse da hannu. Bayan kwana biyu ko zama a kujera sai na riƙe wani abu. Daga baya na fahimci dalili, a gangara naman cinya ne ke yin aikin birki, kuma nauyin da ke sauka kan gwiwa ya fi na tafiya a fili, shi ya sa ciwon ba ya tashi sai washegari ko jibi.

To abin da nake so masu karatu su gane, nisan hanya ba shi kaɗai ake dubawa ba, a duba mita nawa za a hau. Hawan bene ɗaya kusan mita 3 ne, kenan dutsen da ya kai mita 150 daga gindinsa kamar ka taka bene hawa 50 ne fa, kuma dole ka sauko da ƙafarka. Akwai wani lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotlan, William Naismith, ya fitar tun 1892 kuma har yau ana amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, sannan a ƙara minti 10 ga kowane mita 100 na hawa. Hanyar kilomita 3 zuwa da dawowa mai hawan mita 200 za ta ci kusan awa ɗaya kenan, wannan kuma ga mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa, sabon shiga ya ƙara rabin awa a kai don hutu da ɗaukar hoto.

Kuma ni a ganina ɗan ƙaramin dutse na kusa da kai ya fi babban da sai ka sha doguwar tafiya a mota, saboda shi ne za ka iya komawa duk sati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, hawa ɗaya a wata ba zai ba ka wannan ba ko da ka dawo a galabaice. Kallo kuwa ba sai wuri ya yi tsayi sosai ba. Dutsen Arthur's Seat da ke cikin birnin Edinbara na ƙasar Sukotlan mita 251 ne kacal daga matakin teku, amma mutane daga ƙasashe suke zuwa su hau don ana ganin garin gaba ɗaya. Wanda nake hawa yanzu bai kai haka ba, amma in na isa sama rana na ɓullowa, fitilun titi na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hayaniyar motoci ta koma kamar kukan ƙudan zuma daga nesa, sai in ji kaina ya yi sakayau.

Sauran abubuwan sanannu ne, takalmi mai riƙe ƙasa, ruwan sha, waya da caji, ka faɗa wa na gida inda ka nufa, kar ka tafi kai kaɗai wurin da ba ka sani ba. Ka tambayi mutanen da ke zaune a gindin dutsen, su suka san hanyar da ake bi da inda masu fasa dutse ke aiki da wurin da yake mallakin wani ne. In numfashi ya kai ba ka iya haɗa magana, ka tsaya ka huta, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa ya fara ganin likita. Hadari dai ba a wasa da shi a sama, jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi, in kuma ka ga walƙiya ka ji tsawa bayan sakan 3 to tsakaninku kilomita ɗaya ne kawai, da ka ji tsawa ma ka kama hanyar sauka.

Roƙona ga hukumomin da ke kula da irin waɗannan wurare, dan Allah a kafa ɗan allo a gindin kowane dutse da jama'a ke hawa, a rubuta tsayinsa da tsawon hanyar da lokacin da take ci, a kuma shafa fenti a kan duwatsun hanya yadda mai saukowa da magariba ba zai ɓata ba. A ajiye kwandon shara ma, don robobin ruwan da nake tsinta a sama duk sati sun yi yawa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum