Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Game da Ruwan Komadugu Yobe

Ya ku 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin ayyukan ƙungiyarmu ta nan Damagaram kan sha'anin ruwan da Nijar da Najeriya suka yi tarayya a kansa.

Farkon shekara ya wuce ba wani motsi, domin iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a watan Maris aka buɗe ta.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen tattaunawa da takwarorinmu na yankin Hadeja da Nguru. Kogunan Hadeja da Jama'are ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke shata iyaka a jihar Diffa kafin ya faɗa tafkin Chadi, saboda haka duk ruwan da aka tsare ko aka sako daga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 a jihar Kano, waɗanda ke kan rassan kogin Hadeja, manomin tattasai na Diffa ne ke ganin sakamakonsa a gonarsa. Takwarorin namu sun koka da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, mu kuma muka kai kukan 'yan uwanmu na gabas da ambaliyar bana ta cinye wa gonaki.

A ganin kwamiti, ba takardu ne suka yi ƙaranci ba. An kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, mai mazauni a Yamai, tun 1971, yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ambaci ɓangaren ƙasa na Komadugu Yobe cikin ruwaye huɗu da za a raba bisa adalci, sannan hukumar tafkin Chadi ta amince da kundin dokar ruwa a 2012. Abin da ya rage shi ne labari ya iso bakin gulbi a kan kari. Don haka buƙata ɗaya muka miƙa wa hukumomin ruwa a rubuce: a riƙa sanar da lokacin sakin ruwa ta gidajen rediyo, da Hausa da Barbarci, tun kafin ya iso.

Mun kuma zagaya lambunan Korama a Matamaye da Magarya, inda muka yi wa masu noman rake bayanin waɗannan yarjejeniyoyi.

Kuɗin karo-karo bai shigo yadda aka tsara ba, wanda ya sa aka ɗage ziyarar Diffa zuwa baɗi. Ma'aji zai karanta lissafinsa a babban taro, kuma ana roƙon masu bashi su biya kafin ranar.