Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Karatun Labaran Bincike, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, Allah ya nuna mana ƙarshen wata shekarar, kuma bisa ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu, wajibi ne magatakarda ya zayyana abin da aka yi, abin da aka kasa, da abin da ke gaba. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta shi da bakinsa ranar taro, rasit-rasit kuma suna hannunsa ga duk mai son dubawa. Muna yi wa membobin da suka yi rashi a bana ta'aziyya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mun riƙe zamanmu na Asabar biyu a wata, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a rumfar da Hajiya ta ba mu aro, wadda har yau ba ta karɓi ko dala a kanta ba. Allah ya saka mata da alheri. An ɗage zama a watan azumi kamar kullum, sai kuma a tsakiyar Afrilu da zafin Garwa ya haura maki 40, kwanon rumfa ya zama tanda, muka ga bai dace a fito da dattawa ba.

Babban abin da ya faru a bana shi ne sauyin da muka yi wa tsarin karatu. A da kowa ya ari littafi ya tafi gida, a dawo a tattauna. To galibin abin da ke hannunmu da Faransanci yake, ashe mun rufe wa rabin mutanenmu ƙofa ba mu sani ba: iyayenmu mata, teloli, 'yan kasuwa, da malaman allo masu karanta ajami da Larabci kamar ruwa amma ba su zauna a lekol, wato makarantar boko, ba. Yanzu mutum ɗaya ne yake karantawa da ƙarfi, ya tsaya a ƙarshen shafi, wani ya juya da Hausa, inda Hausar ta yi wa wani nauyi a ƙara masa da Fulatanci. Tafiyar ta koma ta hawainiya, littafin da ake cinyewa a mako yanzu sai ya kai wata biyu. Amma rumfa ta cika har ana shimfiɗa tabarma a waje.

Kuma waɗanda ba sa riƙe da takarda su suka fi mu kama mai laifi, don kunne suka zuba, babu abin da ke wuce su. A wani zama, wani shaida a cikin labarin ya sauya maganar da ya yi makonni biyu baya, mu masu littafi a hannu muka wuce abinmu. Sai Baba tela ya ajiye kofin shayinsa ya ce wa mai karatu, "Ɗana, dakata. Koma baya, wancan zaman ba haka mutumin nan ya ce ba." Aka buɗe baya, aka tarar da gaskiyarsa. Tun ranar babu wanda ya ƙara cewa juyawa da Hausa ɓata lokaci ce.

Mun buɗe shekara da Georges Simenon, ɗan Beljiyam da aka haifa a 1903, wanda ya rubuta littattafai 75 a kan Kwamishina Maigret na 'yan sandan Faris, na farkonsu ya fito a 1931. Matasanmu sun ƙosa da shi da farko, wai babu gudu babu harbi, mutum sai zuƙar lofe da zama a ɗakunan mutane yana sauraro. Dattawa kuwa nan take suka gane shi. Suka ce ai haka mai unguwa na gari yake sasanta rikici, ba ya tambayar wa ya yi sai ya fara sanin yadda gidan yake kwana. Daga nan muka shiga Agatha Christie ta Ingila, da labarinta na 1934 na kisan da aka yi cikin jirgin ƙasa wanda dusar ƙanƙara ta tsayar a hanya. Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde ya san yadda ake zama ɗaki ɗaya da baƙin fuska har gari ya waye, don haka ba a sha wahalar bayani ba.

Amma littafin da ya riƙe mu a bana na Moussa Konaté ne, marubucin Mali da ya rasu a 2013. Labarin ya fito a 2009, sunansa da Hausa zai zama la'anar ayu. An tsinci gawar shugaban masunta Bozo da ta matarsa a bakin kogin Neja a Bamako, jama'arsu suka ce ayu, mai ruwa, shi ya yi fushi, Kwamishina Habib kuma ya ce dole a nemi hannun ɗan Adam. Nan ne rumfa ta kama da wuta. Mu da muke bakin Binuwai ba baƙon ayu ba ne a wurinmu, akwai shi a kogin nan, akwai shi a tafkin Lere da ke Cadi, kuma duk wanda ya tashi cikin masunta ya ji abin da ake faɗa a kansa. Wata Inna cikinmu, 'yar gidan sarkin ruwa ce ta wajen uwa, ta yi mana bayanin abin da masunta ke kiyayewa kafin su shiga ruwa, muka yi shiru kamar ruwa ya ci mu. Zama uku muka yi muna jayayya a kan tambaya ɗaya: idan hukuma ta zo bincike cikin mutanen da suke da nasu bayanin mutuwa, yaya za ta nemi gaskiya ba tare da ta wulaƙanta su ba? Ba mu cimma matsaya ba, ni kuma ban ga laifin hakan ba.

Na Hausa ɗaya kawai muka samu, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare na 1982, wanda wani memba ya taho mana da shi daga Yola. Shi wannan mai laifin yake bi, ba mai bincike ba, kuma akwai zubar da jini a ciki da yawa. Iyaye mata suka nemi kada a karanta wasu wurare gaban yara, aka amince, mai karatu ya riƙa taƙaitawa. Daɗin da aka ji na sauraron labari ba tare da tafinta ba ya nuna mana girman giɓin da ke akwai.

Yanzu ga ƙorafin da ya zo mana a rubuce daga wasu membobi, cewa hirar abinci da talabijin tana cinye lokacin karatu. Shugabanni sun duba, an yanke cewa karatu ne farko, awa ɗaya da rabi, ba a buɗe kwano sai an rufe littafi. Wannan daidai ne. Amma a nawa ganin, wanda ya ce a soke hirar gaba ɗaya bai lura da abin da ke dawo da mutane rumfar nan ba. Asalinta ma daga littafi ta fito. Ana cikin karanta Maigret, aka zo inda ya bar ofis ya koma gida cin girkin matarsa, sai Hajiya ta tambaya, "To wai me take dafa masa?" Daga nan aka koma kan namu tukwane, aka tsara cewa kowane zama gida ɗaya zai kawo kwano.

An ci tuwon masakuwa da miyar yakuwa da gyaɗa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere. An ci miyar tafasa, an ci gasasshen kifin Lagdo da yaji, an sha kunun gyaɗa da ƙosai. Gardamar man gyaɗa da man auduga na Diamaor wajen suyar waina har yau tana nan, kowane ɓangare ya kafe. Wata 'yar'uwarmu da aure ya kawo ta daga kudu ta kawo ndole, ta nuna mana yadda ake tafasa shuwaka a wanke ta ruwa bayan ruwa har ɗacin ya kwanta kafin a haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Shekara guda tana zuwa zama ba ta taɓa buɗe baki ba. Ranar da aka suɗe kwanonta ta yi magana, kuma a zama na gaba ita ta karɓi littafi ta karanta babi guda, da Faransanci mai kyau da ba mu san tana da shi ba. Yanzu tana cikin masu karatunmu na dindindin.

Hirar talabijin ma ba ta yi nisa da aikinmu ba. Manyanmu da suka ga zuwan talabijin ƙasar nan a 1985 suna tuna Derrick, sufeton nan na Jamus, da Columbo mai tsohuwar rigar ruwa. A Columbo tun farko ake nuna maka wanda ya yi kisan, daɗin yana ga kallon yadda za a kama shi, ita kuwa Christie sai shafin ƙarshe take buɗe tukunya. Rumfa ta rabu biyu a kan wanne ya fi, kuma wannan gardama ta koya wa matasa ginin labari fiye da duk bayanin da za mu yi musu. Su nasu wasannin Hausa ne masu dogon zango na Arewa24 da na Indiya da aka juya da Hausa. Ranar da Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, ke wasa kuwa maza sukan yi ƙaranci, don haka za mu riƙa duba jadawalin ƙwallo kafin sa rana.

Akwai asarar da dole in faɗa, kuma alhakin kula da kayan a wuyana yake. Littattafanmu a kwali suke, a ƙasa, cikin ɗakin ajiya. Ruwan Agusta ya jiƙa bango, da muka buɗe kwalin bayan damina sai muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta gina hanyoyinta. Bango-bangon littattafan suna nan lafiya, amma kana ɗaga littafi sai ƙasa ta zubo. Wani na Christie da muka kai rabinsa, shafukan ƙarshe gaba ɗaya sun tafi, daidai inda ake tara kowa a ɗaki a bayyana mai laifi. Malam mai ritaya, wanda ya karanta shi tun yana ɗalibi, shi ya zauna ya ƙarasa mana da ka, bai manta ko suna ɗaya ba. Ina neman afuwar waɗanda suka ba da kyautar littattafan nan, na san wasu daga masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titin Yawunde aka tsinto su, aka ɗauko a jirgi da mota har nan.

Sauran matsalolin sanannu ne. Kuɗin wata na sefa 500 ba ya shigowa a kan lokaci, wasu littattafan da aka ara tun kafin babbar salla ba su dawo ba, ɗaukewar wuta kuma ta hana mu kallon da muka shirya yi tare har sau biyu. Wanda ke da littafin ƙungiya a gida, don Allah ya taho da shi, ba za a tambaye shi dalilin jinkiri ba.

Abin da shugabanni ke gabatarwa don amincewarku: a sayi akwatin ƙarfe mai makulli a ɗora shi kan bulo, a buɗe rajistar aro da sa hannu, a ba 'yan kasuwarmu masu zuwa Yola da Kano saƙon littattafan Hausa, a kuma ware littafin rubutu guda da iyaye mata za su riƙa faɗar yadda ake girke-girken da aka kawo ana rubutawa. Sai shawarar da matasa suka kawo, wadda nake goyon baya da zuciya ɗaya, cewa mu gwada rubuta namu labarin bincike da Hausa, wanda zai faru tsakanin babbar kasuwa da gadar Binuwai, kowane zama a ƙara babi. Baba tela ya riga ya ce shi zai riƙa kama mu idan shaida ya sauya magana.

Taron shekara zai kasance Asabar ta farko ta wata mai kamawa, bayan la'asar, a rumfar Hajiya. Za a zaɓi sababbin shugabanni, don haka kowa ya daure ya zo da wuri, masu tabarma kuma su taho da ita.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya