Habu, muryarka aka ji, ba ta Faransa ba

Damagaram, unguwar Birni

Ɗana Habu,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan Baffa Isa. Mu nan lafiya lau, ƙafar innarka ma ta yi sauƙi.

Ranar Alhamis ina zaune a rumfar Malam Ado a Kasuwar Dole, wani yaro ya miƙo min waya ya ce, "Baba, wannan ba Habu ba ne?" Na duba, kai ne. Ka sha kwat, an ajiye allo a gabanka an rubuta Faransa, kana ɗaga murya kana kare matsayinta a kan Sahel. Bidiyon bai cika minti ɗaya ba. Rumfa ta yi tsit, ba wanda ya ce min uffan, shirun nan kuma shi ya hana ni barci har yau.

Ƙanwarka Zara ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya kuke yi a Yamai. Yayyenku ɗalibai ne ke shiryawa, ba ko dala da ake biyansu: su nemo zaure, su raba muku ƙasashe, su shugabanci zama. Kowa ya karanci ƙasar da aka ba shi, ya rubuta matsayinta, ya yi magana a lokacin da aka ƙayyade masa, sannan ku nemi abokan tafiya ku tsara ƙuduri a kaɗa ƙuri'a. Allah ya saka wa yaran nan. Shekara talatin na yi ina mushe, ina koyarwa a makaranta, na san abin da ake sha kafin yaro ya iya miƙewa gaban jama'a ya kawo hujja ba tare da zagi ba.

Kuma kada ka ɗauka ban san amfanin abin ba. Tun 1960 Nijar take cikin Majalisar, sau biyu ta zauna a Kwamitin Sulhu, 1980 zuwa 1981, sai 2020 zuwa 2021. A Disamban 2021 ina manne da rediyo lokacin da mu da Ayilan muka kai ƙuduri kan sauyin yanayi da tsaro. Ƙasashe 12 cikin 15 suka amince, Rasha ta hau kujerar naƙi, shi ke nan magana ta mutu. Ranar na ce wa innarka ƙasar nan tana bukatar ƴaƴan da suka san yadda ake zama a irin ɗakunan nan.

Amma Habu, wanda ya yanko maganarka ya watsa a WhatsApp bai haɗa da bayanin Zara ba. Mutanen da suka gani ba su san an raba ƙasashe ba. Ɗan gidan nan suka gani, da fuskar kakansa, yana magana da yawun Faransa. A ina? A garin da bai manta shigowarsu ta 1899 ba. A ƙasar da sojojinsu suka fice a Disamban 2023 jama'a na murna. Ka san yadda zukata suke yanzu. Magana zarar bunu ce, ta da ma iska ke kwashe ta, ta yanzu waya ke ajiye ta. Gobe ka nemi aiki, wani ya fito da ita. Ka nemi aure, wani ya tura wa waliyyin yarinya. Wa zai tsaya ya saurari cewa darasi ne? Ka tuna kawunka Ila. Abin da ya faɗa bai kai rabin naka ba, kuma ka ga shekarun da muka yi muna bin ƙofofin mutane.

Abin da ya fi ƙona min rai, a bakin yaron kasuwa na ji. Kullum Juma'a muna waya, ka tambayi gero, ka tambayi awaki, wannan kuwa ka haɗiye. Ka san zan yi magana, shi ya sa. Ban saki gonar Mirriya don a riƙa nuna ni da baki a masallaci ba. Ka ce ni tsoho ne mai tsoro, na yarda. Tsoron nan ne ya raine ku ku bakwai ba wanda aka taɓa kwana nema.

Ban ce ka bari ba. Wallahi da na sake kallo ni kaɗai da dare, na ji yadda kake jera hujja ba gargada, sai da idona ya kawo ruwa. Yaron da ko karatun allo ba ya iya ɗaga murya.

Ga abin da nake so. Ka sami masu shirya taron, cikin ladabi, ka roƙe su kada a bar kowa ya ɗauki bidiyo a zaure, in kuma za a ɗauka, a rubuta a jiki da Hausa da Faransanci cewa kwaikwayo ne na ɗalibai. Zama na gaba ka nemi wata ƙasa, cikin 193 ba za a rasa wadda za ka koyi aikin da ita ba. Kada ka amsa wa kowa a Facebook, ko an zage ka. Malam Ado da liman ni zan je in same su da kaina.

Innarka ta ba direba ƙullin kilishi da jika goma, ka tare shi a tasha ranar Litinin. Ka kira ni kafin Juma'a, da dare, bayan isha'i.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka