Martani Ga Masu Cewa Ƙarshen Labarin Tolkien Ya Yi Tsawo

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu karatun ƙagaggun labaran jarumta. Muhawarar ta shafi littafi na uku kuma na ƙarshe na The Lord of the Rings, wanda J. R. R. Tolkien, shehin malami a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila, ya rubuta. An fitar da wannan kashi mai suna The Return of the King, wato dawowar sarki, ranar 20 ga watan Oktoba na 1955, kusan shekara guda bayan fitowar na biyu, kuma tun daga lokacin har yau masu karatu ba su daina ja-in-ja a kan yadda labarin ya ƙare ba.

Ya kamata a fara sanin cewa marubucin bai tsara labarinsa a matsayin littattafai uku ba. Labari ɗaya ya rubuta, sai kamfanin George Allen & Unwin ya raba shi uku saboda tsadar takarda da kuɗin ɗab'i a shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Shi kansa sunan kashi na ukun bai kwanta wa Tolkien a rai ba, domin a ganinsa sunan ya tona asirin labarin tun kafin a buɗe shafin farko. Mu da muka saba sayen littattafan Hausa na ɗaya da na biyu da na uku a kasuwa mun san irin nauyin da ke kan kashi na ƙarshe, domin a kansa ne mai karatu yake sauke duk haƙurin da ya yi.

Ƙorafin farko da ake yawan ji shi ne cewa jarumin labarin, Frodo, ya ba da kunya. Bayan ya sha baƙar wahala ya kai zoben tsafin da ƙarfin babban maƙiyinsu ya rataya a kansa har bakin dutse mai aman wuta, inda nan kaɗai ake iya hallaka shi, sai ya ƙi jefa shi, ya ce zoben nasa ne, ya zura shi a yatsa. Gollum, wanda kwaɗayin zoben ya riga ya lalata, shi ne ya ciji yatsan ya fizge zoben, sannan cikin rawar murna ya zame ya faɗa wutar tare da shi. Wannan ya ɓata wa wasu rai matuƙa, har Tolkien ya ambata a cikin wasiƙunsa cewa wani mai karatu ya rubuto masa yana cewa kamata ya yi a kashe Frodo a matsayin maci amana maimakon a karrama shi. Ni a ganina waɗannan masu karatu sun manta abin da littafin ya yi ta nanatawa tun farko, cewa babu mahaluƙin da zai iya riƙe zoben bai rinjaye shi ba, shi ya sa manyan masu hikima irin su Gandalf da Galadriel suka ƙi karɓarsa ko da aka miƙa musu. Da Frodo ya jefa shi cikin sauƙi, da marubucin ya ƙaryata kansa. Abin da ya ceci duniyar labarin shi ne tausayin da Bilbo, wanda ya riƙe zoben kafin Frodo, ya nuna wa Gollum tun da daɗewa, da wanda Frodo ya nuna masa daga baya lokacin da yake da ikon kashe shi amma ya ƙyale shi.

Ƙorafi na biyu, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne cewa labarin ya ƙi ƙarewa. Gaskiya ne an hallaka zoben a babi na uku na sashen ƙarshe na wannan littafi, sannan babi shida suka biyo baya. Masu wannan ra'ayi suna cewa tunda an ci yaƙi kuma an naɗa Aragorn, abokin tafiyar Frodo, sarauta, sauran duk ɓata tawada ne. Da yawa daga cikinsu ta hanyar fim ɗin Peter Jackson na 2003, wanda ya lashe kyautar Oscar guda 11, suka fara sanin labarin, kuma fim ɗin ya tsallake babi na takwas gaba ɗaya, alhali kuwa a cikinsa ne zuciyar littafin take.

A wannan babin, Frodo da abokansa uku sun koma ƙasarsu ta Shire suna tsammanin hutu, sai suka tarar an sare itatuwa, an kafa injin da ke fitar da baƙin hayaƙi yana gurɓata rafi, an liƙa dokoki a ko'ina, 'yan daba suna kwashe amfanin gona da sunan za a raba wa jama'a, kuma wasu daga cikin 'yan ƙasar sun zama 'yan koren azzalumai. Babu sarki ko mai sihiri da ya zo ya taimake su, su da kansu suka tayar da maƙwabtansu aka yi gumurzu aka kori mamaya. Wanda ya san tarihin marubucin ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙari marar amfani ba. Tolkien ya halarci yaƙin Somme a Faransa a 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma ya faɗa da kansa a gabatarwar bugu na biyu cewa zuwa 1918 duk aminansa na kusa sun mutu in ban da guda ɗaya. Ko da yake ya musanta cewa babin habaici ne ga halin da Ingila ta shiga bayan yaƙin duniya na biyu, ya yarda cewa yana da tushe a yadda ya ga ƙauyen ƙuruciyarsa kusa da Birmingham yana lalacewa. Mutum irin wannan ya san cewa mayaƙi ba ya dawowa ya tarar da gida yadda ya bar shi, kuma shi ma ba ya dawowa yadda ya tafi. Saboda haka ne Frodo ya riƙa kwanciya rashin lafiya duk ranar da shekara ta zagayo kan raunukansa, mutanen garinsu ba su ba shi girman da ya cancanta ba, daga ƙarshe ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar da ya ceta.

Masu suka ba yau suka fara ba. Edwin Muir ya rubuta a jaridar Observer cewa jaruman littafin yara ne da suka yi shigar manya, Edmund Wilson kuma ya yi masa kaca-kaca a wata mujallar Amurka a 1956, a shekarar da mawaƙi W. H. Auden ya yaba shi a jaridar New York Times. Kuma ban ce duk sukar ba ta da tushe ba. Babin bankwana da sarakuna yana da jan ƙafa, kuma harshen marubucin a wuraren fada yakan yi nauyi har ya gajiyar. Inda na fi yarda da masu ƙorafi shi ne batun Arwen, matar da Aragorn ya aura, domin mai karatu bai san ta sosai ba sai ga ta a matsayin sarauniya, cikakken labarin soyayyarsu da mutuwarsu kuma an tura shi can cikin rataye mai shafi fiye da ɗari da ke bayan littafin, wanda shirya shi na cikin abubuwan da suka jinkirta fitowar kashi na ukun. Mutane da yawa ba sa buɗe wannan rataye, saboda haka ina shawartar duk mai shirin yanke wa littafin hukunci ya karanta wannan ɓangaren da babi na takwas kafin ya aiko da nasa ra'ayin.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya