A riƙa ba ɗalibai labarin kalkulas kafin a ɗora musu alamomi

Ranka ya daɗe Edita,

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a ajin lissafi, kuma kullum da na rubuta dy/dx, wata alamar kalkulas (lissafin yadda abubuwa ke sauyawa), a allo sai yara su yi tsuru-tsuru. Laifinmu ne malamai. Ba ma gaya musu inda abin ya samo asali.

A 1665 annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij, Isaac Newton ya koma ƙauyensu a Ingila. Can ya zauna yana neman yadda za a auna gudun abin da saurinsa ke sauyawa kowane lokaci, kamar mangwaron da ya tsinko daga reshe. Leibniz, Bajamushe, ya gano hanyar da kansa, ya buga a 1684. Aka yi ta rigimar wa ya riga wa, amma alamomin Leibniz muke rubutawa har yau. Ni dai ina bayansa, don ya sauƙaƙa mana aiki.

Kafin su ma, Ibn al-Haisam, wani masani ɗan Basra a Iraƙi, ya yi lissafin da ya share fage, wajen shekara 1000.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne tauraruwa mai wutsiya. Halley, wani masanin taurari ɗan Ingila, ya bi dokokin Newton na motsin abubuwa, ya ce za ta dawo wajen 1758. Ta dawo kuwa, shi yana kabari. Ta sake leƙo mu a 1986, sai kuma 2061, in da rabon jikokina su gani.

Don Allah ku ware shafi guda na irin wannan labari kowane mako.

Naku,
Tsohon malamin lissafi, Zariya